Au Pair ko Mai Raino ta Albashi: Lissafin Haraji ga Iyalan da ke Zaune a Amurka

Duk iyalin da ke zaune a Amurka, miji da mata suna fita aiki, ga ƙananan yara kuma babu kaka ko ƙanwa a kusa, ba ya daɗewa kafin ya fara tunanin kawo mai taimako cikin gida. Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce a karɓi matashiya daga wata ƙasa a ƙarƙashin shirin da ake kira au pair, ta zauna da ku tana kula da yara. Ta biyu ita ce a ɗauki mai raino wadda take da izinin aiki a ƙasar, a riƙa biyanta albashi. Mutane kan kwatanta su ta fuskar kuɗin da ake miƙawa a ƙarshen mako kawai, alhali babban bambancinsu yana ga abin da hukumar haraji ta IRS take buƙata daga maigida, da kuma wanda nauyin harajin yake faɗawa kansa idan shekara ta ƙare.

Kalmar au pair daga Faransanci ta fito, ma'anarta daidai wa daida, wato baƙuwar tana zaune ne a matsayin 'yar gida. A Amurka shirin ya fara a shekarar 1986, kuma yanzu Ma'aikatar Harkokin Waje ce take kula da shi ta hanyar bizar J-1, wadda bizar musayar al'adu ce. Wadda za ta zo dole shekarunta su kasance tsakanin 18 da 26, ba ta aikin da ya wuce awa 45 a mako ko awa 10 a rana, tana da hutun kwana ɗaya da rabi a kowane mako, da cikakken hutun ƙarshen mako sau ɗaya a wata, da hutun mako biyu a shekara wanda ake biyanta kuɗinsa. Iyalin su ne za su ba ta ɗaki nata ita kaɗai da abinci, su kuma biya har dala 500 na karatun da dokar ta wajabta mata. Zamanta wata 12 ne, ana iya ƙara wata 6 ko 9 ko 12. Akwai sharaɗin da yake fitar da 'yan uwanmu da yawa tun daga bakin ƙofa: masu masaukin dole su zama 'yan ƙasa ko masu katin zama na dindindin. Likita ko injiniyan da yake kan bizar aiki ta wucin gadi, komai yawan albashinsa, ba zai shiga shirin ba, sai dai ya duba hanya ta biyu.

Mafi ƙarancin alawus ɗin au pair dala 195.75 ne a mako. Ya samo asali ne daga mafi ƙarancin albashi na tarayya, dala 7.25 a awa, wanda aka ninka sau 45 ya ba da dala 326.25, sannan aka cire kashi 40 cikin ɗari a matsayin kuɗin ɗaki da abinci. Tun shekarar 2009 mafi ƙarancin albashin tarayya bai motsa ba, saboda haka wannan adadi ma yana nan inda yake, duk da tsadar rayuwar da aka gani a tsakani.

Kuskure na farko da iyalai ke yi shi ne ɗaukar wannan alawus kamar kuɗin kashewa da ake ba 'yar gida. Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta yanke tun 1994 cewa albashi ne, domin akwai alaƙar mai aiki da mai ba da aiki tsakanin au pair da iyalin, kuma IRS tana bin wannan matsayi. Sauƙin da iyalin suke samu daga wani wuri yake zuwa. Muddin au pair tana cikin rukunin baƙin da dokar haraji ba ta ɗauke su mazauna ƙasa ba, babu harajin Social Security (asusun fansho na tarayya) da na Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi) a kan albashinta, babu kuma harajin tarayya na asusun marasa aiki wanda ake kira FUTA. Haka nan ba a tilasta wa iyalin su cire harajin kuɗin shiga daga alawus ɗinta kafin su ba ta. A zahiri, iyali na iya kammala shekara guda da au pair ba tare da sun cike fom ko ɗaya na masu ba da aiki ba, kuma ba su karya doka ba.

Sai dai harajin bai tafi ko'ina ba, kanta ya koma. Ita ce za ta cike fom 1040-NR, na baƙi, ta bayyana duk abin da aka biya ta, tare da fom 8843 wanda yake bayyana matsayinta. Baƙin da ba mazauna ba ba su da rangwamen nan na bai ɗaya da kowane mazaunin ƙasa yake cirewa kafin a lissafa masa haraji, kuma tun daga 2018 dokar garambawul ɗin haraji ta 2017 ta mayar da rangwamen kai sifili. Ma'ana, daga dalar farko ake fara yi mata lissafi. Idan ta karɓi dala 195.75 na tsawon mako 52, ta samu dala 10,179, kuma da yake wannan yana cikin mataki na farko na kashi 10 cikin ɗari, harajinta na tarayya zai kai kusan dala 1,018. Wannan ya zarce alawus ɗinta na mako biyar. Jihohi irin su Maryland da New York suna da nasu harajin a kan na tarayya, Texas da Florida kuwa ba su da shi.

A nan ne nake ganin amana ta hau kan masu gida, ko da doka ba ta ɗora musu ba. Yarinya mai shekara 19 da ta baro Kolombiya ko Afirka ta Kudu, ba ta taɓa cike takardar haraji a rayuwarta ba, da wuya ta san cewa idan watan Afrilu ya kama za a neme ta da dala dubu. Da yawa sukan kashe kuɗin, wasu su koma gida da bashin hukuma a kansu, wanda yana iya zame musu ƙarfen ƙafa ranar da suka sake neman shiga ƙasar. Dokar ta buɗe hanyar kauce wa haka: idan ita da iyalin suka amince, sai ta cike fom W-4, su riƙa cire harajin kowane mako, su kai rahotonsa a takardar Schedule H da ake haɗawa da fom ɗin harajinsu na shekara, su kuma ba ta W-2, takardar da take nuna albashinta na shekara da harajin da aka cire. Yin haka yana buƙatar iyalin su nemi lambar masu ba da aiki, wato EIN, wadda ake samu kyauta daga IRS. Wanda bai son wannan ɗawainiya, aƙalla ya zaunar da ita a makon farko ya bayyana mata, su buɗe wani asusu da za ta riƙa ajiye dala 20 a kowane mako, ko ta riƙa biya kashi-kashi da fom 1040-ES na baƙi. Ya kuma riƙa ajiye rubutaccen tarihin kowane biya da kwanan watansa, domin babu wanda zai aiko mata da wannan lissafi idan ba shi ba.

Akwai kuma tarkon da ya fi kowanne kama iyalai, wato shekarar kalanda ta uku. Dokar haraji tana yafe wa mai irin wannan biza ƙidayar kwanakin zamansa na shekarun kalanda biyu ne kacal, kuma ko wata ɗaya mutum ya yi a cikin shekara, an ƙirga masa ita cikakkiya. A ɗauka au pair ta iso a watan Satumba na 2023, aka ƙara mata shekara, za ta tafi a Satumba na 2025. Shekarun 2023 da 2024 su ne biyun da aka yafe. A 2025 kwanakinta suna shiga ƙidaya tun daga 1 ga Janairu, kuma da zarar sun kai 183 ta zama mazauniya a idon IRS, matsayin kuma yana komawa baya har farkon shekarar. Daga nan harajin Social Security da Medicare ya hau kan duk albashinta na wannan shekara, FUTA ma ya hau. Alawus na mako 36 ya kai dala 7,047, kashi 15.3 cikin ɗari nasa kuwa kusan dala 1,078 ne, rabi na iyalin, rabi nata. Idan ba a riƙa cire nata rabin ba tun daga Janairu, maigida ne hukuma za ta riƙe da duka. Wadda ta iso a Janairu ko Fabrairu ta yi shekara biyu cif ba ta faɗawa wannan rami, domin kwanakinta a shekara ta uku ba za su kai ko kusa ba. Haka nan wadda ta taɓa zama a Amurka a 'yan shekarun baya da bizar ɗalibi ko ta horo tana iya zama mazauniya tun da wuri. Saboda haka tambayar "kin taɓa zama a ƙasar nan, da wace biza, a wace shekara?" ta cancanci a yi ta tun a hirar farko.

Mai raino ta albashi lamarinta ya fi nauyi, amma a fili yake tun ranar farko. Ma'aikaciyar gida ce, kai ne mai ba ta aiki, tunda kai kake tsara mata lokacin zuwa da yadda za ta yi aikin. Ba ta fom 1099 kamar 'yar kwangila mai zaman kanta kuskure ne da yake jawo tara. Kafin ta fara za ku cike I-9 don tabbatar da izinin aikinta, ka nemi EIN, ka yi rajista da jiharka ka kuma sanar da ita cewa ka ɗauki sabuwar ma'aikaciya. A shekarar 2025, da zarar ka biya ta dala 2,800 a cikin shekara, harajin Social Security na kashi 6.2 da na Medicare na kashi 1.45 sun wajaba: kashi 7.65 daga albashinta, wani kashi 7.65 daga aljihunka. Wannan iyaka tana ƙaruwa kusan kowace shekara, kuma ana samun sabon adadin a ƙasidar IRS mai lamba 926. Idan ka biya dala 1,000 a cikin ko da zango ɗaya na wata uku, FUTA ya shigo, kashi 6 cikin ɗari na dala 7,000 na farko, amma wanda ya biya na jiharsa a kan kari yakan sami ragin da zai mayar da shi kashi 0.6, wato dala 42 a shekara. Dole ka ba ta W-2 kafin ƙarshen Janairu, ka kuma cike Schedule H. Wasu jihohin, New York da California na ciki, suna buƙatar inshorar raunin wurin aiki ga ma'aikatan gida bisa sharuɗɗansu.

Sai batun awannin ƙari. Mai rainon da take kwana a gidanta, dokar tarayya ta ba ta albashi ɗaya da rabi a kan duk awar da ta haura 40 a mako. Wadda take kwana a gidanku ba ta da wannan a dokar tarayya, amma wasu jihohi sun ba ta. A New York, bisa dokar haƙƙin ma'aikatan gida ta 2010, nata ƙarin yana farawa bayan awa 44.

Idan aka jera alƙaluman, tazarar tana da faɗi. A yi misali da mai raino da ake biya dala 20 a awa, tana aikin awa 45 kamar au pair. Awa 40 dala 800 ne, awa biyar na ƙari dala 150, jimla dala 950 a mako, dala 49,400 a shekara. Kasonka na Social Security da Medicare zai kai kusan dala 3,779, ban da na jiha da inshora da kuɗin kamfanin da zai riƙa yi maka lissafin albashi idan ka ɗauki ɗaya. Au pair kuwa alawus ɗinta dala 10,179 ne, sai kuɗin kamfanin da ya kawo ta, wanda yakan kai wajen dala dubu goma a shekara, sai na karatu, sai abinci da wuta da waya, sai ƙarin inshorar mota wanda ba ya da arha ga matashiyar da ba ta da tarihin tuƙi a ƙasar. Ko an haɗa duka, da wuya ya kai na mai raino, kuma kuɗin ba ya ƙaruwa da yawan yara. Iyali mai yara uku, wanda gidan rainon yara zai caje shi kai uku, a nan ne yake ganin riba mafi girma.

Amma wannan lissafi ya dogara da jihar da kake. A watan Disamba na 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Boston ta yanke cewa dokokin albashi na jihar Massachusetts suna aiki a kan au pair, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2020. Mafi ƙarancin albashi a jihar dala 15 ne a awa tun Janairun 2023, saboda haka awa 45, da kuɗin awa biyar na ƙari, ya zama dala 712.50 a mako kafin a cire ɗan abin da jihar ta yarda a cire na ɗaki da abinci. Wannan ya ninka alawus ɗin tarayya fiye da sau uku, kuma harajin da ita za ta biya ya ƙaru daidai da haka. A shekarar 2019 ɗin dai, kamfanoni 15 masu kawo au pair sun amince su biya dala miliyan 65.5 don sasanta wata ƙara da aka shigar a Colorado a madadin au pair kusan dubu ɗari, waɗanda suka yi zargin cewa an haɗa baki an danne musu albashi. Abin da ya fito fili daga shari'ar shi ne dala 195.75 ita ce mafi ƙaranci, ana iya biyan abin da ya fi ta. A Oktoban 2023 kuma Ma'aikatar Harkokin Waje ta fitar da daftarin sauya tsarin biyan gaba ɗaya. Duk wanda zai sa hannu a yarjejeniya ya nemi kamfanin ya rubuta masa adadin da ya wajaba a jiharsa a wannan shekarar.

Ta fuskar rangwamen da iyalin za su samu, hanyoyin biyu kusan kunnen doki suke. Idan miji da mata duk suna aiki ko neman aiki, kuma yaran ba su kai shekara 13 ba, abin da aka biya au pair ko mai raino yana shiga fom 2441, inda ake lissafa kuɗin raino har dala 3,000 ga yaro ɗaya ko 6,000 ga biyu zuwa sama. Wanda wurin aikinsa yake da asusun raino da ake cirewa kafin haraji yana iya zuba dala 7,500 a shekara daga 2026, bayan dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ɗaga shi daga 5,000. Ba a neman rangwame biyu a kan dala guda. Kuma duka biyun suna buƙatar suna da lambar harajin mai rainon, wanda ya sa yana da kyau au pair ta nemi lambar Social Security da wuri bayan isowarta. Wanda yake biyan mai raino a ɓoye ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Biyan ɓoye ya yaɗu, har a cikin al'ummarmu, kuma sau da yawa ita mai rainon ce take roƙon a ba ta kuɗinta cif a hannu. Ina ganin cutarwa ce gare ta kafin ta zama haɗari ga maigida. Fanshon Social Security yana buƙatar maki 40, wato aikin kusan shekara goma da aka biya wa haraji. Matar da ta yi shekara goma sha biyar tana goyon 'ya'yan mutane ba tare da W-2 ba za ta tsufa babu komai a sunanta, ba ta da shaidar albashin da za ta kama haya ko ta ci bashin mota, kuma ranar da aka sallame ta ba ta da tallafin marasa aiki. Asirin ma yakan tonu ne a wannan ranar, idan ta je neman tallafin aka tambaye ta inda ta yi aiki. A 1993 Zoe Baird, wadda Shugaba Bill Clinton ya zaɓa ta zama Antoni Janar, ta janye ne saboda ta ɗauki ma'aikatan gida marasa izinin aiki kuma ba ta biya musu haraji ba.

Dole kuma a taɓo wata hanyar da ake raɗe-raɗinta a tarukan suna da na biki: a kawo yarinya daga gida da bizar ziyara ta zo ta "taimaka". Riƙo da taimakon dangi al'ada ce mai daraja a ƙasar Hausa, amma bizar ziyara ba ta halatta aiki ba, kuma riƙe fasfon yarinya ko sa ta aiki babu biya yana faɗawa ƙarƙashin dokar yaƙi da safarar mutane ta shekarar 2000, wadda hukuncinta ɗauri ne. Wannan ba ta cikin zaɓin da ake aunawa.

Idan aka zo yanke shawara, ni ga yadda nake auna abin. Iyalin da suke da ɗakin da ba a amfani da shi, yaransu biyu ko uku sun fara makaranta, lokutan aikinsu a rarrabe suke kamar na ma'aikatan jinya, kuma buƙatarsu ba ta wuce awa 45 ba, au pair ta fi musu sauƙi a kuɗi da takardu, muddin ba a Massachusetts suke ba. Sai dai su sani aikinta na yara ne kawai, ba a sa ta sharar gida gaba ɗaya ko girkin manya, kuma za su raba gida da baƙuwa mai addini da tarbiyya dabam, abin da ya kamata a tattauna a fili kafin ta hau jirgi, daga abincin da ake shigowa da shi har baƙin da za ta iya gayyata. Iyalin da suke da jariri su fi karkata ga mai raino. Doka ta hana a bar wa au pair jaririn da bai kai wata uku ba sai da babba a gida, kuma wadda za ta kula da ɗan ƙasa da shekara biyu sai tana da shaidar awa 200 na irin wannan raino, wanda bai kai aikin cikakken mako biyar ba. Haka nan wanda yake son mutum ɗaya ya riƙe masa yara shekara huɗu ko biyar, ko yake buƙatar awa 50 a mako, au pair ba za ta yi masa ba, domin iyakar zamanta shekara biyu ce, kuma ƙetare awa 45 saɓa ƙa'ida ne ko da an ƙara mata kuɗi ta yarda.

Wanda ya zaɓi au pair kuma yana tunanin tsawaita zamanta, ya dubi watan da ta sauka a ƙasar kafin ya sa hannu. Idan daga Yuli zuwa Disamba ne kuma ƙarin na wata 12 ne, ya ƙirga kwanakin shekara ta uku da kalanda a hannu. Idan za su kai 183, ya nemi EIN a watan Disamba, ya fara cire kashi 7.65 daga alawus na farko na Janairu, ya kuma ware nasa kason a gefe kowane mako.